Ranar da Kaka Ta Shiga Layi

Ƙauye na Biyar,
Gandun Roba.
Ran Alhamis, cikin watan bakwai.

Zuwa ga Yayana Khiem,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na Babban Gida. Ina fata tarin nan ya sake ka, kuma ka daina kwana da jiƙaƙƙiyar riga. Mama tana lafiya, sai gajiyar tsaga roba. Kaka Tuat kuwa, a kanta nake rubuto maka, amma sai na bi ta wani wuri kafin in iso gare ta.

Na san za ka yi dariya. Wasiƙa daga gida zuwa Babban Gida, tafiyar da kafin shinkafa ta nuna an je an dawo. To ka san ni. In na buɗe baki a gabanka, kafin in kai tsakiyar magana ka ce, “Auta, wannan a wane shafi kika karanto shi?” shi ke nan sai maganar ta maƙale.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko a gaban hoton Baba ban faɗa ba. Yaya, ina son Lucien. Baturen nan da yake fitowa a ɗan mai gandu a fim ɗinku. To, ga shi na rubuta.

Tun da masu fim suka zo suka shafe Babban Gida, tsohon gidan Turawan gandu, da farin fenti, suka ɗauke ka aikin tara musu mutanen ƙauye, ka ga kullum ni ke kawo maka abincin rana. Har ka yaba, ka ce Auta ta yi hankali. Ba hankali ba ne. Rana ta farko da na je, ina tsaye bayan motar wuta da kwanonka a hannu, sai ya fito daga baranda cikin fararen kaya da farar hular kwano, da siririyar sanda a hammata. Na sunkuyar da kai. Sai kawai na ji malafata tana ɗagawa. Da bakin sandar ya ɗaga ta, a hankali, ya leƙa fuskata ya yi murmushi, ya gaishe ni da harshenmu a karkace, ya wuce. Shi ke nan abin da ya faru. Amma littattafan nan da nake ara a rumfar kasuwa, waɗanda kake cewa za su ruɓar mini da ƙwaƙwalwa, babu ɗaya da ya kai wannan. Na ƙona shinkafa a kansa. Na zuba wa kaji ruwan wanki.

Anti Suong, mai kula da kayan sawa, ita ta ba ni labarin fim ɗin tana ɗinki. Wai ɗan mai gandu ya zo daga ƙasarsu da zafin kai, yana dukan lebura, sai ya ƙyalla ido ya ga ’yar wani lebura, ya kai ta Babban Gida, ta sa siliki, ya koya mata rawa, ita kuma ta koya masa tausayi. Na ce mata, “Mu fa, mutanen ƙauye, me muke yi a ciki?” Ta ciji zare ta ce, “Ku kuna baya cikin hazo, yarinya, kuna ɗauke da bokiti. Darakta ya ce kun fi itatuwan kyau.” Na yi dariya. Amma a raina ba na cikin hazo. Ni ce mai hawa matakalar Babban Gida.

Yanzu ga Kaka. Ka tuna ran Litinin da aka aike ka gari sayen waya? Mama tana cikin gandu, ni aka bar wa Kaka. Tun bara kowa ya san ba a barinta ita kaɗai, tunda takan ɗora tukunya ta manta, ko ta kira ni da sunan da ba nawa ba. Ba abincin da zan kai, tunda ba ka nan. Amma na kasa zama. Na ce mata mu je mu sha iska. Na riƙe hannunta muka bi ta cikin itatuwa, ita tana ta hira, tana cewa ruwan bana ya yi wa rogo yawa.

Muna isa suna shirin ɗauka. Mutanenmu sun yi layi cikin tsummokaran da aka rina da ganyen shayi, kowa da bokiti. Aka buga guntun ƙarfen nan da suka rataya a bishiya. Yaya, hannun Kaka ya zame daga nawa kamar kifi. Matar da sai an ɗaga ta daga tabarma, ita ce ta yi gudu. Ta shiga layi tsakanin mutane, ta cire malafa ta riƙe a ƙirji. Da Lucien ya zo yana bin layin da sandarsa, sai ta zube a kan gwiwa, goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta faɗi wata lamba da ƙarfi, da wata murya siririya ta yarinya wadda ban taɓa ji a bakinta ba. Kyamara tana ta aiki. Da darakta ya ce a tsaya, kowa ya tafa, har shi Lucien. Ya miƙa hannu zai ɗaga ta, ta kare kanta da malafa.

Sauran ka sani, amma yadda aka gaya maka. Aka ce wata tsohuwa mai baƙaƙen haƙora irin na mutanen arewacin ƙasarmu ta yi abin da ’yan wasan birni suka kasa. Darakta ya ce lalle ita yake so ran Litinin mai zuwa, a babban wuri: tsohuwa za ta zubar da ƙaron roba, ɗan mai gandu ya doke ta, ta faɗi ta mutu. Sai jikarta ta ɗaura farin ƙyalle tana kuka, shi kuma ya zo cikin nadama ya kama hannun jikar ya ɗaga ta. Tafinta ya juyo ya tambaye ni ko zan iya jikar. “Ya kama hannun jikar,” Yaya. Wannan kawai na ji. Na ce zan iya.

Jiya da ka zo ka tambayi Kaka, ta miƙe tsaye ta haɗa hannuwa ta ce, “To, ranka ya daɗe.” Ka fashe da dariya ka ce, “Ka ji tsohuwa, tun daga gida ta fara wasan.” Ni ban yi dariya ba. Ina jin tsoron Litinin. Ban san yadda zan faɗa maka ba, don na san darakta ya yi maka alkawarin tafiya da kai Saigon ka koyi kyamara in komai ya tafi daidai, kuma na san tun yaushe kake jiran hanyar fita daga cikin itatuwan nan.

Wataƙila ba komai. Wataƙila littattafai ne suka cika mini kai kamar yadda kake faɗa. Ka gaishe da Anti Suong.

Ƙanwarka,
Quyen

Ƙauye na Biyar.
Ran Asabar.

Yaya Khiem,

Ina sake gaishe ka, da fatan ka tashi lafiya kuma ruwan jiya bai ɓata muku aiki ba. Yaya tarin? Mama ta ce ka sha citta da zuma. Waccan wasiƙar tana nan cikin littafin da nake karantawa. Jiya na zo da ita har gabanka, na ba ka kwano na koma da ita.

Ba lafiya a gida, kuma ni kaɗai na sani. Ka san Mama takan ɗaura fitila a goshi ta tafi gandu tun da sauran duhu, in ta dawo kuma ko magana ba ta iya yi. To da zarar ta fita, Kaka take sauka daga gado. Ta ɗauki bokitin wanka ta fita tsakar gida ta tsaya ƙyam, malafa a ƙirji, tana jiran a buga ƙarfe. Ko ana yayyafi haka take tsayawa. In na ce ta shigo, sai ta ce, “Yi shiru, ke, so kike a ce mun makara?” Sai rana ta fito sosai take yarda ta zauna. Ta fara ɓoye shinkafa a haɓar zane. Jiya na tarar da ƙanzo a ƙarƙashin matashi, tururuwa sun cika shi.

In Mama ta dawo, sai in share komai in ce lafiya lau. Don in na faɗa, za a tambayi wanda ya kai ta can.

Shekaranjiya ina taje kai, ina shirin kawo maka abinci. Na sa rigar nan mai ruwan hoda. Kaka ta daɗe tana kallona. Sai ta tashi ta je murhu, ta shafo baƙin tukunya da hannu biyu, ta zo ta goga mini a kumatu da goshi. Na yi ƙara na ce, “Kaka, mene ne haka?” Ta ce, “Wawuya. Kyau kike yi wa wa? Cire rigar nan. Kawo almakashi in rage gashin.” Da ƙyar na ƙwaci kaina. Sai ta kira ni Nhai.

Ka san sunan, don ta sha kirana da shi, muna ɗauka ruɗewar tsufa ce. Wannan karon na zauna na ce, “Kaka, wace ce Nhai?” Ba ta kalle ni ba. Bango take kallo, tana magana kamar mai ba da labarin abin da ya faru da safe.

Ƙanwarta ce, Yaya. Muna da wata kaka da ba a taɓa gaya mana ba. Tare aka zuba su a jirgin ruwa daga arewa, su biyu, iyayensu sun dangwala yatsa a takarda saboda yunwa, a gandu aka ba kowacce lamba a madadin suna. Kaka tana kamar shekaruna, Nhai ba ta kai ba. Ta ce kullum da safe takan shafa wa Nhai toka a fuska kafin su shiga layi. Wata rana aka yi ruwa, tokar ta wanke. Baturen gandun na lokacin yana bin layi, ya tsaya a gaban Nhai, ya sa bakin sanda ya ɗaga malafarta, ya leƙa fuskarta ya yi murmushi.

Da ta faɗi haka sai na tashi. Na fita bayan gida na yi amai. Na dawo ta ci gaba, ba ta ma san na fita ba.

A ranar heluma, wato ɗan ƙasarmu da Turawa suka ɗora a kan lebura da usur a wuya, ya zo ya ce ana son Nhai a Babban Gida ta riƙa yin fifita. Kaka ta ce sau ɗaya ta ƙara ganinta. Tana wucewa da bokiti, ta hango ta a baranda cikin siliki. A barandar nan, Yaya, inda kuka jera tukwanen furanni, inda ’yar wasan nan da ta zo daga Paris take zama ana yi mata kwalliya. Kaka ta ɗaga mata hannu a ɓoye. Nhai ta kalle ta kamar mai kallon bishiya. Daga nan ba ta ƙara ganinta ba. Babu kabari, babu hoto, babu ranar rasuwa da za a riƙa kunna mata turare. Kunun shinkafar nan da Kaka take zubawa a kan ganye a bakin hanya duk watan bakwai, muna cewa na rayukan da ba su da kowa ne, ashe da sunan mutum ɗaya take zuba shi.

Ni kuwa makonni ina kwana ina tashi da mafarkin hawa matakalar nan. A fim ɗinku yarinyar tana hawa, ana kaɗa goge, fitilu suna haske. Ban ce ƙarya kuke yi ba. Silikin gaskiya ne, Kaka ma ta gan shi. Kawai dai kyamararku tana kan baranda, Kaka kuwa daga ƙasa ta gani, da bokiti a hannu.

Akwai kuma maganar ƙyallen. Jiya Anti Suong ta kira ni gwajin kaya. Ta fito da farin ƙyallen makoki ta ce in ɗaura. Na ce, “Anti, kakata fa tana da rai. Mahaifiyata ma.” Ta ce, “Kai, ƙauye. A Saigon akwai ɗan wasan da muka binne ya fi a ƙirga, ƙiba kawai yake yi. Ɗaura mu gani.” Na ɗaura. Na kalli madubi, na ga yarinyar da na gani ranar jana’izar Baba. Lucien ya leƙo ta ƙofa, ya dafa ƙirji ya yi fuskar tausayi, suka yi dariya shi da Anti. Ni ma na yi. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, har a lokacin zuciyata ta buga da ya kalle ni.

Anti ta ce in tafi da shi gida in wanke don ya yi laushi. Na cusa shi ƙarƙashin tabarma. Yau da safe na shigo na tarar da shi a cinyar Kaka, ta ninke shi tsaf tana shafawa. Ta ce, “Yadin yana da kyau. Kin kyauta da kika tanada da wuri.”

Ba zan iya ci gaba ba. Ka huta lafiya.

Taka,
Auta

Ƙauye na Biyar.
Ran Lahadi da la’asar.

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba sai na tambayi lafiyarka ba, tunda ɗazu ka tashi daga nan, ka cinye kifin da Mama ta ajiye wa kanta. Na ji daɗi da na ga tarin ya yi sauƙi.

Ina so ka tuna yadda ka shigo yau. Gajeren wandon kaki da suka ba ka, takalmi mai igiya, usur a wuya. Ka tsaya a ƙofa ka ce, “Ina tauraruwar gidan nan?” Kaka tana zaune tana tsince wake. Ta zubar da tiren ta miƙe. Ka ce ta zauna mu ci abinci, ta ƙi. Ka ce, “Mama, kin ga surukarki ta fara jan aji, yanzu sai da Turawa take cin abinci.” Mama ta yi dariya ta ce a ƙyale ta, ba ta jin yunwa. Tana tsaye a bayanka har ka gama, idonta yana kan hannunka.

Sai ka juya ka yi mata bayanin gobe, da ƙarfi, a hankali, yadda ake yi wa wanda ba ya ji sosai. Ka ce, “Kaka, gobe da safe zan zo in ɗauke ki. Za ki riƙe bokiti, ki zubar. Bature zai ɗaga sanda ya doke ki. Sai ki faɗi, ki mutu. Kin gane? Kada ki motsa ko kaɗan.” Ta ce, “Na gane, ranka ya daɗe.” Ka ce, “Auta ma za ta zo.” A nan ne ta ɗago kai. Ta ce, “In na yi yadda aka ce, za a ƙyale yarinyar?” Ka ce, “Sosai ma, har alewa za a ba ta.” Ka hura usur ɗin don wasa, ka hau babur ka tafi.

Yaya, ba ta san kai ne ba.

Da Mama ta shiga ta kwanta, Kaka ta ja ni bayan randa. Ta ce, “Wannan heluman yaro ne, kuma yana da fara’a. Irinsu sun fi haɗari. Kada ki yarda ya san inda kike kwana.” Na ce, “Kaka, Khiem ne fa. Jikanki. Wanda kika goya har ya yi miki fitsari a baya ranar bikin sabuwar shekara.” Ta ce, “Khiem yana makaranta. Kada ki sa sunansa a bakin mutanen nan.”

Duk “to” ɗin da ta ce maka tun ran Laraba, ba kai ta ce wa ba. Ba ta san fim ba. Ba ta ga kyamara ba, ba ta ga fitilu ba, ba ta ga tafinta da lemarsa ba. Abin da ta gani shi ne an yi wa Babban Gida fenti, an buga ƙarfe, Bature ya fito da sanda. A wajenta sun dawo. Kuma yau heluma ya zo har gida ya gaya mata gobe za a kashe ta, ta yi ciniki da shi, ya yarda zai bar mata ƙanwarta.

Tun da ka tafi take shiri. Ta sa na ɗumama ruwa da ganyen lemo ta yi wanka, ta wanke kai. Ta buɗe akwatinta ta fito da doguwar rigar nan mai ruwan ƙasa da ta ce da ita za a sa ta a akwatin gawa, ta shanya ta don warin ajiya ya fita. Ta kunna turare a teburin kakanni ta daɗe tana magana da Baba ƙasa-ƙasa. Ba kuka take ba. Na daɗe ban ga fuskarta a kwance haka ba. Ta ba ni ’yan kunnenta, ta ce, “Gobe in na faɗi, kada ki yi kuka da ƙarfi. Ki sunkuyar da kai, ki ja ƙyallen ya rufe miki fuska. In ya miƙo hannu, kada ki kama.”

Kai za ka ce sandar ta soso ce, ko ƙuda ba za ta kashe ba. Na sani. Bayan wankan Kaka na roƙi maƙwabciyarmu ta zauna da ita, na ruga Babban Gida don in same ka, aka ce kun tafi duba wurin da za a yi ɗaukar. Na hango Lucien a bayan gida shi kaɗai, ya cika buhu da ciyawa yana gwada dukan, yana koyon yadda zai tsayar da hannu kafin ya taɓa. Ya yi ta maimaitawa, gumi ya jiƙa masa riga. Ba mugu ba ne, Yaya. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi. Ya gan ni ya ɗaga mini sandar yana murmushi. Na tsaya ina kallon hannunsa, na rasa ko hannun da nake mafarki ne ko wanda Kaka take jira. Ko kalma ɗaya ta harshensu ban iya ba. Na juya na gudu.

Ba sandar nake tsoro ba. Tsorona shi ne a ce mata ta faɗi ta mutu, ita kuma ta yi biyayya. Mace ce da zuciyarta take tsalle ko ƙofa aka buga da ƙarfi, ta yi wanka, ta yi sallama, ta shirya. Darakta zai ce a tsaya, kowa ya tafa, a ce Kaka tashi an gama. Ni kuma ina durƙushe a kanta da farin ƙyalle a goshi, ina jiran wani ya kama hannuna. Duk lokacin da na rufe ido abin da nake gani ke nan: ana ta tafi, ita ba ta tashi ba. Kuma kyamara tana ɗauka, a kai shi ƙasashe, mutane su zauna cikin sanyi su ce tsohuwar nan ta iya wasa.

Na san abin da zai biyo baya in ka hana. Darakta ya riga ya ɗauki fuskarta a layi, ya gina wurin a kanta. Zai yi ihu, ya jefar da tawul ɗin wuyansa. Wataƙila maganar Saigon ta mutu. Za ka ce ni na ja, kuma gaskiya ne. Mama za ta san na ɓoye mata. Kai kuma za ka san abin da ke cikin wasiƙar farko, ka riƙa tsokanata da shi har in tsufa, in ma ka ci gaba da yi mini magana.

Na ɗauki wasiƙun zan sa a murhu, na fasa. Na sake ɗauka, na sake fasawa. Ka yafe mini.

Ƙanwarka mai jin tsoro,
Quyen

Gida.
Litinin da sassafe.

Yaya Khiem,

Barka da safiya, ina fata ka tashi lafiya. A tsaye nake rubuta wannan, a kan murfin randa.

Mama ta tafi gandu. Kaka tana zaune a bakin ƙofa cikin rigarta mai ruwan ƙasa, ta taje kai, bokiti a gefenta. Yau ba ta tsaya a tsakar gida ba, ta ce ai za a zo a ɗauke ta. Ta shafa mini baƙin tukunya, na bar ta ta shafa. Haka za ka gan ni, kada ka yi dariya.

Na yi tunanin in gudu da ita gidan maƙwabta in ce ba ta da lafiya. Amma za ka zo nemanta da usur ɗinka, ta ji muryarka ta fito da kanta. Ba wanda zai iya sallamarta sai wanda ya kira ta.

Na haɗa wasiƙun duka, na naɗe su cikin farin ƙyallen. Ka mayar wa Anti Suong abinta, ka ce na gode, a nemi wata jikar. In Lucien ya tambaya, ko da yake ba na jin zai tambaya, kada ka ce masa komai.

Zan tare ka a mararrabar hanya, wajen da Kaka take zuba kunu, kafin ta hango ka. Zan sa maka su a hannu, kuma ba zan gudu ba. Zan tsaya a gabanka har ka karanta ta ƙarshe, ko da mutanen fim suna jira, ko da za ka zage ni.

Na ɗauko tsohuwar rigar Baba, shuɗiyar nan da ta yage a aljihu. In ka gama karantawa, ka cire kakin, ka ba ni usur ɗin in riƙe, ka bar babur a mararrabar. Ka sa rigar ka taka da ƙafa zuwa gida. Kada ka yi mata bayanin fim. Ka zauna a ƙasa kusa da ita yadda kake yi da, ka ce, “Kaka, na dawo daga makaranta, yunwa nake ji.” Ban sani ba ko za ta gane ka. Amma ba ta taɓa jin wannan maganar ta ci gaba da zama ba.

Ga ƙarar babur ɗinka can daga cikin itatuwa. Na fito.

Ƙanwarka,
Auta Quyen